Ranar da Iya Yang Ta Nuna Hannunta

A ƙauyenmu na bakin teku, can gabashin tsibirin Jeju, in ka ji mace tana yabon matar ɗanta a gaban baƙo, to bincika da kyau, ba 'yar garin nan ba ce. Haka muka tashi muka tarar: naka ba ka yabonsa a bainar jama'a. Baƙo ya ce ɗanki ya yi abin kirki, ki ce ai sakarai ne, sa'a ce kawai. Ya ce miyar gidanki ta yi daɗi, ki ba shi haƙuri ki ce gishiri ya yi yawa. Wannan shi muke kira tarbiyya, kuma duk faɗin ƙauyen babu wadda ta kai Iya Yang iya ta.

Iya Yang mai nutso ce, kamar uwarta da kakarta. Ta ba saba'in baya, amma har lokacin tana cikin 'yan ƙalilan ɗin da ke zuwa can nesa inda ruwa ya yi baƙi, su nutsa da numfashin ƙirjinsu kaɗai, su ɓamɓaro kawa da dodon koɗi daga jikin duwatsu. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, ko gaisuwa take sai ka ɗauka faɗa ne, don ruwa ya daɗe da cinye mata rabin ji. Abu biyu take taƙama da su. Ba a taɓa jin ta ce ta gaji ba. Sannan duk wata ana cirar mata kuɗin inshorar lafiya kamar kowa a ƙasar nan, amma ƙafarta ba ta taɓa taka asibiti don kanta ba. Takan ce gwamnati ta ci bulus a kanta, kuma ta yafe.

Ɗanta ɗaya ne tal, Gi-tae, shi ma sai da ya haura arba'in ya yi aure, don 'yan matan yanzu ba mai son zaman ƙauye. Daga Mongoliya ya auro Delgerma, doguwa mai jan kumatu, 'yar makiyaya wadda ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi. Ranar da aka fara ajiye mata ɗanyen kifi a faranti, zuba masa ido ta yi tana jiran a kai shi wuta. An daɗe ana dariyar wannan a garin. Amma ta koyi yarenmu, har da na tsibirin da mutanen Seoul ba sa ji, Gi-tae kuma ya yi ƙiba a hannunta. Ba su cika shekara uku ba ya yanke jiki ya faɗi a gonar lemo, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Ba su haihu ba.

Kowa ya ɗauka da an gama zaman makoki Delgerma za ta haɗa kayanta. Ba ta haɗa ba. Ta ci gaba da aikin gonar lemon, ta ci gaba da kwana a ɗakin da ke kallon na tsohuwar, kamar ba a yi komai ba. Tana da ciwon hanta da ta sha a nono, kullum da ƙwayar da take haɗiya, lokaci-lokaci kuma ta hau mota zuwa asibitin birni a duba jininta. Inshorar ce ke ɗauke mata mafi yawan nauyin. Iya Yang ba ta taɓa ce mata sannu ba, amma kowace safiya sai an jiyo ta daga tsakar gida: "Ke 'yar nan, kin sha maganin, ko jira kike ki mutu ki bar ni da wahalar binne ki?"

Akwai abin da su biyun kaɗai suka sani. A sanyin da ya biyo bayan rasuwar, Iya Yang ta tashi wata safiya ta tarar da hannunta na hagu ya yi nauyi, yatsun sun ƙi naɗewa. Delgerma ta yi magiya har da kuka a je asibiti. Tsohuwar ta ce ba inda za ta. Ta san abin da likita zai ce, ta kuma san dokar ƙungiyar masu nutso: wadda jiki ya fara ba ta matsala ba a barin ta shiga ruwa mai zurfi, don in ta maƙale a ƙasa wata ce za ta sayar da ranta ta bi ta. Ta sa Delgerma ta yi mata alkawari ba za ta faɗa wa kowa ba.

Tun daga ranar Delgerma ce hannunta na hagu. Ita ke ɓalle mata maɓallan riga, ta taje mata kai, ta wanke mata baya, ta yanka mata abinci ƙanana. Ranar nutso a gida take cusa ta cikin rigar roba, ta ɗaura mata ɗamarar dalma mai taimaka mata nutsewa, ta saka mata safar hannu. Iya Yang ta ce wa sauran mata ta daina sa kaya a ɗakin ƙungiya ne don gulmarsu ta ishe ta, kowa ya yarda, don hali nata ne. In ta fito daga ruwa, Delgerma na tsaye kan dutse ta cafe ragar da ta zubo kamunta a ciki kafin wani ido ya lura. Da hannu ɗaya tsohuwar nan take nutso, kuma a hakan ma ta fi rabinsu kawo kaya. Ni dai har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ana cikin haka katin zaman Delgerma ya kusa ƙarewa. Da aure ta shigo ƙasar, mijin kuma ba shi, babu ɗa. Da ta je ofishin shige da fice sabuntawa, aka tambaye ta dalilin da zai sa ta ci gaba da zama, ta ce tana kula da mahaifiyar mijinta. Ba ta ambaci hannu ba, alkawari alkawari ne. Suka ce za su turo ma'aikaciya ta ga zaman gidan da idonta.

Iya Yang ta ɗauki zuwan nan kamar zuwan surukai. Ta sa aka goge gidan har ƙarƙashin tukwane, aka dafa faten shinkafa da kawa, ta sa rigarta ta biki. Da ma'aikaciyar ta iso da hantsi, wata yarinya siririya mai gilashi, Malama Cha, ta tarar da tsohuwa zaune ƙyam, hannun hagu a lulluɓe cikin zanen cinya, na dama yana zuba shayin sha'ir ko ɗigo bai zuba ba. Delgerma ta durƙusa can gefe kusa da ƙofa, inda matar ɗa ke zama.

Malama Cha ta ce, "Iya, gida tsaf-tsaf. Matar ɗanki ce ke wannan aikin?"

"Wa? Wannan?" Iya Yang ta taɓe baki. "Ai ko tsintsiya ba ta iya riƙewa ba. A garinsu a tanti suke kwana, ina ta ga daɓen da za ta goge?"

"Girki fa?"

"Ki bar maganar girki, 'yata. In ta yi miya, kare ma sai ya yi tunani. Ni nake abina."

Malama Cha ta ajiye alƙalami ta dube ta. "Iya, ki faɗa mini gaskiyar yadda kuke zaune. Abin da kika faɗa shi zan rubuta. Akwai abin da ba kya iya yi sai ta taimaka miki? Wanka, sa kaya, zuwa asibiti?"

Nan fa aka taɓo tsohuwar a inda ba a taɓawa. A kunnenta wannan naci irin na baƙo ne mai ladabi, wanda ke ƙara yabon abinci don a ƙara ce masa ba daɗi. Ga kuma kalmar asibiti.

"Asibiti? Ni? Je ki bincika a kwamfutarku, in kin ga sunana a wani asibiti ki dawo in ba ki gidan nan. Jiya-jiyan nan na fito daga ruwa. Ba ni buƙatar kowa. Ita ce ma nake ɗawainiya da ita, ga ci kamar gara, ga barci har rana ta take."

Malama Cha ta juya ga Delgerma. "Haka ne?"

Delgerma ta sunkuyar da kai. Ta zauna da mu ta san matar ɗa ba ta ƙaryata uwar miji a gaban baƙo. Ta kuma san in ta buɗe baki, hannun da ke cikin zanen nan ne zai fito. Ta ce a hankali, "Yadda Mama ta faɗa."

Kafin ma'aikaciyar ta bar garin ta tsaya ta tambayi maƙwabta, su kuma suka ƙarasa aikin da zuciya ɗaya. "Iya Yang? Ai ta fi ƙarfin a kula da ita. Wannan ko sa ta samu za ta kayar." Yabo suke. Ita ko Iya Yang ta wuni cikin farin ciki, ta tabbata baƙuwa ta tafi tana cewa ta ga gidan mutunci.

Bayan 'yan makonni aka kira Delgerma ofis. Ta dawo da yamma ta ɗora tukunya, ba ta faɗa wa tsohuwar yadda aka yi ba. Sai dai tun daga ranar ta shiga wasu ayyuka. Ta sauko da kwanuka daga saman kanta zuwa ƙasa. Ta sayo wani abin buɗe kwalba da ake mannawa a bango. Wata safiya Iya Yang ta ɗauko rigarta ta tarar babu maɓalli ko ɗaya, an ɗinka mata irin maɗaurin nan mai mannewa na takalman yara. Ta jawo wata rigar, ita ma haka.

"Ke! Wa ya ce ki lalata mini riguna? Jaririya kika mai da ni?"

"Ya fi sauƙi ne, Mama. Gwada ki gani, da hannu ɗaya ma za ki iya."

"To ke aikin me kike da zan sa da hannu ɗaya?"

Delgerma ta ce ruwa na tafasa, ta fice.

Iya Bu ce ta fasa ƙwan. Ita ce shugabar ƙungiyar masu nutso, tare suka koyi iyo da Iya Yang, kuma tun suna 'yan mata ba su taɓa rabuwa ba, ba su kuma taɓa shiri ba. Ta tare ta a bakin shagon garin, ko gaisuwa babu, ta kira ta da sunanta na yanka.

"Gye-sun, ashe bakin nan naki har ƙasar waje yake kai mutum?"

"Ke kuma da wace kika zo, mai kan kabewa?"

"Yarinyar nan ta zo gidana jiya, ta durƙusa tana roƙona wai in riƙa leƙa ki in ta tafi. Na ce tafiya ina? Ashe ɗan lokaci kaɗan suka ƙara mata, wai ta kimtsa. Ta ce musu tana kula da ke, ke kuma kin ce musu ci da barci kawai take. Yanzu a wurinsu maƙaryaciya ce."

Iya Yang ta yi tsaye da jakar cefane a hannu. "Amma ai... ai kowa ya san yadda ake magana. Haka ake cewa."

"Haka ake cewa a gaban surukai, sakarya, ba a gaban gwamnati ba! Takarda ta san kara ne? Kuma kin san ranar da katin nan ya mutu inshorarta ta mutu? Maganin hantar fa? Garinsu daga tantin uwarta zuwa asibiti sai a wuni a mota ba a kai ba. Kin kashe 'yar mutane da ladabi."

Kunya ta rufe Iya Yang, tsoro kuma ya bi bayan kunyar, irin tsoron da ba ta taɓa ji ba ko a ƙarƙashin ruwa. Ba ta koma gida ba. Da jakar cefanen ta hau motar birni.

A ofishin aka ba ta lamba ta zauna cikin baƙi, 'yan Vietnam masu aikin jirgin kamun kifi, 'yan Nepal masu aikin gona, ɗalibai 'yan China, kowa rungume da takardunsa yana kallon allo kamar mai jiran sakamakon asibiti. Ita da aka haifa a tsibirin nan ba ta taɓa sanin akwai mutanen da sai an ba su izini suke kwana a ɗakinsu ba. Da layi ya zo kanta ta nemi Malama Cha, ta faɗa da muryar da duk ofishin ya ji.

"Abin da na faɗa miki ƙarya ne. Goge shi."

Malama Cha ta kai ta wani ɗan ɗaki ta ba ta kujera. "Iya, ni ma kakata haka take magana, na so in gane. Shi ya sa na tambaye ki har sau biyu. Amma maƙwabta ma sun ce lafiyarki ƙalau. Yanzu in kin zo kin canja baki, manyana za su ce tausayi ne ya sa. Mutane da yawa suna yin hakan."

"To me kuke so? In yi rantsuwa?"

"Abin da ba bakinki kaɗai ba. In akwai larura a jikinki, likita ya gani ya rubuta. Sannan mutanen garin su shaida cewa ita ke ɗauke da ke. In an samu wannan, ni da kaina zan sake zuwa." Ta rage murya. "Akwai larurar, Iya?"

Iya Yang ta dubi hannun da ke kwance a cinyarta. Ta tashi, ta ɗauki jakarta, ta tambayi inda ake hawa motar babban asibiti.

A can aka nemi sunanta a kwamfuta, yarinyar da ke kan tebur ta ce, "Iya, ba ki taɓa zuwa ba?" Ta ce, "Yau na zo, sai ki rubuta." Aka cusa ta cikin wata na'ura mai ƙara, aka ɗauki hoton kanta. Likitan, wanda a haife ta haifi ubansa, ya yi mata faɗa kamar ya samu 'yar makaranta. Ya ce wata 'yar jijiya ce ta toshe a kanta, ta yi sa'a a hannu abin ya tsaya, na biyun in ya zo ba zai yi sallama ba. Da ya ji da wannan hannun take nutso sai ya cire gilashinsa ya goge. Ya ce ruwa kam ta gama shiga, ko mai zurfi ko marar zurfi.

A mota tana dawowa shaiɗan ya zauna kusa da ita. Takardar likita ai ofis za ta kai, ba ɗakin ƙungiya ba. Wa zai sani? Ga lokacin dodon koɗi ya kusa buɗewa. Amma ta san mutanenta. In ma'aikaciyar ta dawo ta tambaye su, abin da suka faɗa da farko shi za su maimaita, da alfahari ma, don abin da ta nuna musu ke nan. Ita ta gina wannan ƙaryar da hannunta, ba kuma mai rushe ta sai ita.

Ranar buɗe ruwa, da sassafe, Delgerma ta ɗauko rigar roba za ta sa mata a ɗaki kamar kullum. Iya Yang ta ce, "Naɗe ta. Ɗauko goran iyo da ragar ki biyo ni."

Ɗakin ƙungiya ya cika da mata, ana ta hayaniya, wannan na shafa wa gilashin fuskarta ganye don kada ya yi hazo, waccan na afa garin maganin ciwon kai. Da suka ga Iya Yang da kayan gida sai surutu ya ragu.

Iya Bu ta ce, "A'a, yau gulmarmu ta yi miki daɗi ke nan?"

Iya Yang ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta kama safar da take ɓoye hannun hagu a ciki da haƙori ta zare. Hannun ya rame, yatsun sun lanƙwashe kamar ƙafar kaza. Ta ɗaga shi da na dama yadda kowa zai gani.

"Ku kalla da kyau, don ba zan sake nunawa ba. Tun sanyin da Gi-tae ya tafi hannun nan ya mutu. Ba gulmarku ta hana ni sa kaya a nan ba, ko da yake gulmar taku ma ta isa. Ban iya sawa ba ne."

Iya Bu ta taso mata cikin fushi. "Da wannan kike bin mu can nesa? Da kin maƙale fa? Wa kike so ya mutu a kanki?"

"Ke mana, wa kuma? Zage ni, kin yi daidai. Amma bari in gama." Ta juya ta nuna Delgerma, wadda ke tsaye a bakin ƙofa rungume da gora, fuskarta ta yi ja. "Waccan da na ce ba ta iya riƙe tsintsiya ba. Ita ke yi mini wanka. Ita ke sa mini riga, ta cire mini ƙayar kifi, ta yanke mini farce. Ranar da na ɓata shimfiɗa ta wanke kafin gari ya waye, ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Ɗana ya mutu, ba abin da ya ɗaure ta a gidana, ga uwarta can tana jiranta. Aka ce mata ta bar ƙasar saboda bakina, ta gwammace a kira ta maƙaryaciya da ta tona mini asiri. Ni Yang Gye-sun na haifi ɗa ɗaya, amma wannan ta fi shi. Na faɗa, kuma a gabanku na faɗa."

Wata daga baya ta ce, "Tabɗi! Yau za a yi ruwa da ƙanƙara." Aka yi 'yar dariya, amma rabin masu dariyar suna share ido da bayan hannu.

Delgerma ta ce, "Mama, ya isa haka, don Allah."

"Rufe mini baki, ina magana." Ta karɓi goran daga hannunta, goran da take rataya ragarta a kai tun kafin a haifi wasu a ɗakin, ta miƙa wa Iya Bu. "Likita ya ce na gama. Ba wa wata mai hannu biyu. Abin da nake nema a wurinku ɗaya ne. Yarinyar gwamnati za ta dawo. In ta tambaye ku, kada wadda ta sake ta yabe ni. Ku ce tsohuwa ce ta lalace, ba ta iya komai sai da matar ɗanta."

Iya Bu ta rungume goran a ƙirji, hawaye na bin kumatunta. "Wannan ai ba sai kin roƙa ba. Shekara nawa ina neman inda zan faɗi haka."

Da Malama Cha ta dawo ba ta samu wurin zama ba. Mata sun cika tsakar gidan, kowace na ƙoƙarin ta riga 'yar'uwarta ɓata Iya Yang. Sai a lokacin kowa ya tuna abin da ya gani bai gane ba: yadda Delgerma ke shiga ruwa har gwiwa ta karɓi raga, ita da ke tsoron teku, yadda take tafiya kullum ta hagun tsohuwar. Iya Yang na zaune a tsakiya, hannun a fili bisa cinya, tana jin ana yayyaga sunan da ta yi shekara hamsin tana ginawa, ba ta ƙaryata kowa ba. Na san jarumai a garin nan, maza da mata, waɗanda teku ta gwada. Ban ga wanda ya yi abin da ya kai zaman nan nata ba.

Katin ya fito kafin a gama tsinkar lemo. Delgerma ta karɓo shi a birni, ta biya ta asibiti ta amso maganinta, da na tsohuwar, don yanzu su biyu ke haɗiyar ƙwaya da safe, kowace na tsare da 'yar'uwarta.

Iya Yang ta daɗe ba ta leƙa bakin teku ba. In za ta shago ma ta bayan gari take bi. Sai wata safiya da ruwa ya kwanta ta ce Delgerma ta raka ta. Suka zauna kan baƙin dutsen da masu jiran raga ke zama. Can nesa goruna na yawo a kan ruwa, matan na kifewa ɗaya bayan ɗaya, ƙafafu su yi sama su ɓace.

Delgerma na kallon ruwan, sai ta ji shirun da ke gefenta ya yi yawa. Ta waiga. Tsohuwar ta kafe ido a inda Iya Bu ta nutsa, bakinta a rufe gam, jijiyoyin wuyanta sun tashi, fuskarta ta fara canja launi. Ba ta ma san tana yi ba. Tare da su ta nutsa.

Delgerma ta kama kafaɗarta ta girgiza. "Mama! Mama, yi numfashi. A tudu kike."

Iya Yang ta saki iskar. Ta fito da dogon fito mai kaifi, irin wanda mai nutso ke yi in ta huda ruwa ta fito, wanda kowace da irin nata kuma abokan aiki ke gane ta da shi. Ya bi saman ruwan ya tafi. Can nesa kawuna suka ɗago ɗaya bayan ɗaya, suna dube-dube a tsakaninsu, suna neman ta inda ta ɓullo. Sai da suka gaji da nema a ruwa sannan wata ta juyo ta kalli tudu.